Filin Lambu: Furen Dutsen Ƙanƙara a Tsakar Gidan Sakkwato

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin abin da ta tambaya na taɓa gwada shi da hannuna.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babban yaron wajena yana karatu a ƙasar Ostiriya, shekara biyu ke nan bai zo gida ba. Da abokinsa zai dawo hutu sai ya ba shi saƙo ya kawo mini: 'yar takarda mai ɗauke da irin wani fure da suke kira edelwais, da wani ɗan jan kwabo mai hoton furen a jiki. Ya ce shi ne furen da mutanen can suka fi ji da shi, wai a kan duwatsu masu ƙanƙara yake fitowa. Ina da lalle da na'ana'a da 'yan furanni a tsakar gida, hannuna kuma yana karɓar shuka. Amma wannan na kasa buɗe shi don tsoron kada in ɓata. Yaya zan yi ya yi fure kafin yaron ya dawo?
*Wata uwa daga Mabera*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a karatun, ya dawo miki da shi lafiya. Zan fara da gaskiyar magana don kada ki sa rai a inda zai ɓaci. Irin zai iya tsirowa a Sakkwato. Za ki iya ganin ganyensa, ki shafa shi da yatsa. Amma ya kai ga fure a tsakar gidan Mabera, wannan abu ne mai matuƙar wuya. Duk da haka ina son ki shuka shi, kuma zan gaya miki yadda za ki yi.

Ɗauko kwabon nan tukuna ki duba shi a haske. Santi biyu ne na kuɗin Yuro, kuma tun 2002 Ostiriya take buga hoton furen a bayan nata. Abin da kike gani kamar tauraro, wanda kowa zai ce shi ne furen, ganye ne. 'Yan ganyaye ne da suka kewaye kan tsiron, farin gashi mai laushi kamar auduga ya lulluɓe su. Ainihin furannin su ne 'yan dunƙulallun nan biyar ko shida da ke tsakiya, masu ɗan ruwan ɗorawa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Shukar duka a gidanta ba ta wuce taƙi ɗaya, santimita 20 ko ƙasa da haka. Danginsu ɗaya da latas da shuwaka. Sunan edelwais Jamusanci ne, ma'anarsa fari mai daraja. Masana tsirrai kuma suna ce masa *Leontopodium*, wato dagin zaki a harshen Girka, saboda yadda ganyayen suka baje da gashi kamar tafin zaki.

Gidansa tsaunukan Alps ne da wasu tsaunukan Turai, a tsakanin mita 1,800 zuwa wajen 3,000 sama da teku, cikin tsagar duwatsun farar ƙasa. Yawancin 'yan uwansa ma suna can Asiya, a Himalaya da tudun Tibet. Birnin Sakkwato kuwa yana wajen mita 300 ne. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Kin ga inda ƙasarmu ta ƙare a sama, can ne tsakiyar gidansa.

Gashin nan nasa ba ado ba ne, rawaninsa ne. Kamar yadda Buzu yake naɗe fuska don rana da iska, haka shi ma. A ƙwanƙolin dutse rana tana da wani irin haske mai ƙuna wanda ido ba ya gani, gashin yana tare shi. Iskar can busasshiya ce mai zuƙe ruwan ganye, gashin yana rage mata ƙarfi. Da dare kuma yana riƙe masa ɗan ɗumi. Mu ma muna da masu irin wannan dabara. In kika bi jigawa kika tsinki ganyen sabara za ki ga fari-fari ne da ɗan gashi, sabon tohon tumfafiya ma haka. Rana da busasshiyar iska ba baƙin abu ba ne a wurin edelwais, da su kaɗai ne matsalar da mun shirya da shi. Abin da bai sani ba shi ne zafi.

Ga lissafin. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana sauka da kimanin digiri 6 da rabi. A mita 2,500 cikin Alps, ko a watan Yuli da yake tsakiyar zafinsu, da wuya rana ta wuce digiri 15, dare kuma yakan kusanci daskarewa. Mu nan a watan Janairu, lokacin da muke kwana da bargo muna jin wuta da asuba, dare yana kaiwa wajen digiri 15 ko 16, rana kuma ta haura 30. Wato daren da muke cewa ɗari ya yi yawa, shi ne kwatankwacin ranar da ta fi zafi a gidansa. Afrilu kuwa kin san ta, digiri 40 da ɗoriya, kwana da kwanaki.

Shekarun baya wani tsohon ɗalibina ya je horo Jamus ya kawo mini irin wannan takarda. Na zazzage ta a farin faranti a cikin ɗaki, na rufe taga. Irin alayyafo ma babba ne a kansa. Kamar ƙurar ƙaiƙayi yake, sai da na riƙa kau da kai in zan yi numfashi. Na shuka a ƙarshen Nuwamba a lambuna na Kwalkwalawa. Rana ta goma sha tara, da na durƙusa da sassafe na karkata kai daidai da bakin kaskon, sai na ga 'yan korayen ɗigo kamar an yayyafa. Goma sha huɗu na ƙirga. Zuwa Fabrairu shida suka rage, kowanne faɗinsa ya kai murfin kwalba, ganyen a baje a ƙasa, siriri, da laushi kamar kunnen ɗan akuya sabon haihuwa. Dattijon da ke noman albasa kusa da ni ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wanga hure ba namu ba na. Ka bari bazara ta taho." Gaskiya ya faɗa. A mako na uku na Maris iska ta juya. Ganyen tsakiya ya fara laushi duk da ina ba su ruwa, kuma suna cikin inuwa. Na tumɓuke ɗaya na duba, saiwar ta yi ruwan ƙasa, ta saki kamar an dafa ta. Na ƙarshe ya kai farkon Afrilu. Na ji ciwon abin, amma a nan na gane cewa ta ƙasa yake mutuwa. Ganyen yana da rigarsa, saiwar ce ba ta da komai, ita da ta saba kwanciya cikin tsagar dutse mai sanyin ruwan ƙanƙara. Duk abin da zan gaya miki yanzu a kan wannan ya tsaya: a riƙe saiwa cikin sanyi, kuma kada ruwa ya kwanta mata.

Kada ki juye irin gaba ɗaya. Kasa shi uku. Kashi biyu ki bar su a takardarsu, ki sa a busasshiyar kwalba mai murfi, ki ajiye a wuri mafi sanyi da kike da shi. Kashi ɗaya za mu yi aiki da shi bana.

A farkon Nuwamba ki sami yashi mai laushi cokali biyu, ki ɗan jiƙa shi yadda in kika matse ba zai ɗiga ba, ki cuɗanya irin a ciki, ki ɗaure a leda, ki sa a firji mako uku. Firji na ce, ba firiza mai yin ƙanƙara ba. A gidansa irin yakan kwana cikin sanyi da laima kafin ya tsiro, wannan ne muke kwaikwaya, kuma yana sa ya fito da yawa, a lokaci guda. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki roƙi maƙwabciya mai firjin sola ta ba ki ɗan lungu.

Yana firji ke kuma kina haɗa ƙasa. A nan masu hannun shuka irinki suka fi yin kuskure, domin abin da kika saba yi wa lalle da na'ana'a na alheri shi ne zai kashe wannan. Ba ya son takin shanu, ba ya son kashin kaji, ba ya son takin zamani. Ɗan talauci ne, a tsakuwa ya tashi. Ko a Turai in aka ba shi ƙasa mai maiƙo sai ya yi tsawo, ya yi kore, farin gashin ya ragu, ya zama kamar kowace ciyawa. Ki auna da gwangwani: biyu na yashin gulbi mai kaushi, ɗaya na ƙananan tsakuwa, ɗaya na ruɓaɓɓen ganyen gindin itace da kika tankaɗe da rariya. Laka da baƙar ƙasar fadama ko kusa. Abu ɗaya da Allah ya hore mana wanda yake so shi ne dutsen farar ƙasa, irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi. In kika sami ɗan gutsure ki daka shi ya zama kamar tsaki, ki zuba tafi ɗaya a ciki. Dutsen nake nufi, ba garin siminti ba. Daga nan ki ɗan jiƙa haɗin, ki ɗora a tsohuwar tukunya bisa murhu ki juya har ya yi tururi sosai, ki sauke ya huce. Wannan yana kashe fumfunar da ke kama 'yan tsirrai a wuya su faɗi dare ɗaya. Rabin nawa ita ta ci, domin ban yi haka ba.

Mazubi ya zama na ƙasa, ba roba ba, ba gwangwani ba. Kasko ko 'yar tukunya, a huda gindinta huda uku ko huɗu, a shimfiɗa tsingaro a kan hudojin. Sannan ki sami wata tukunyar da ta fi ta girma ki zaunar da ƙaramar a ciki, ki cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Dabarar tukunya cikin tukunya ke nan, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don ajiye tumatir da gauta, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yadda randa take sanyaya ruwa, haka za ta sanyaya saiwa, kuma busasshiyar iskar hunturu ce ta fi sa ta aiki. Yashin tsakanin ne za ki riƙa jiƙawa safe da yamma. Ki ɗaga ƙaramar a kan 'yan duwatsu biyu don hudojinta su sami hanyar zubar da ruwa.

A ƙarshen Nuwamba ki fito da ledar ki barbaɗa yashin da irin a saman ƙasar. Ki danna a hankali da bayan cokali. Kada ki rufe shi da ƙasa ko kaɗan. Irin nan sai ya ga haske yake tsirowa, in aka binne shi kamar gero shi ke nan. Kada kuma ki zuba ruwa ta sama, zai kwashe shi ya tara a gefe. Ciro ƙaramar tukunyar za ki yi ki tsoma gindinta a baho mai ruwan randa, har ki ga saman ƙasar ya yi duhu, sannan ki ɗaga ta tsane. Ki rufe bakin da farar leda mai 'yan hudoji, ki ajiye a inuwa mai haske, gindin randa ya fi ko'ina. Daga mako biyu zuwa shida za ki ga tsiro. Da kin gani ki cire ledar.

Daga nan ki ba su ranar safe kawai, daga fitowarta zuwa hantsi, a jikin bangon da ke kallon gabas. In sun yi ganye huɗu kuma sun cunkushe, ki rage, ki bar tazarar yatsa uku tsakani. Ki zuba 'yan tsakuwa a wuyan kowanne don kada ganyen ya kwanta a laima. Ruwa sai saman ƙasar ya bushe, kuma ta gindi, domin gashin nan in ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba, daga nan sai ruɓa. Ƙurar hunturu za ta hau su, ki share da gashin kaza a hankali. Ki kifa tsohuwar rariya ko gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru.

Da Maris ta kama ki shigar da su ɗakin da ya fi sanyi, kusa da taga. In akwai na'urar sanyaya ɗaki za su ƙara makonni. Amma ko sun tsallake bazara, akwai sauran tsallake biyu a gaba. Na farko damina, zafi haɗe da laima, wanda shi ne abin da saiwarsa ta fi ƙi. Na biyu kuwa shi ne babba. Edelwais da aka shuka daga iri yawanci ba ya fure a shekarar farko, ganye kawai yake tarawa. Sai ya yi barcin watanni cikin tsananin sanyi, ganyen sama ya bushe, saiwa ta huta, sannan a shekara ta biyu ya tashi ya yi fure tsakanin Yuli da Satumba, a Yulin kuwa yinin can yana kai awa 15 da wani abu. Mu yininmu bai kai awa 13 ko a watan Yuni, sanyinmu kuma yana zuwa ne daidai lokacin da yini ya fi gajarta. Can ko a lokacin dogon yini akwai sanyi-sanyin da yake so, nan kuwa ba sa haɗuwa.

Shi ya sa na ce ki ɗauke shi a matsayin baƙo. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wata huɗu zai yi a gidanki, daga Disamba zuwa Maris, kuma wata huɗun nan ba banza ba ne. Za ki taɓa abin da yaronki yake gani, ki ɗauki hoto ki aika masa ya ga saƙonsa ya isa har ya yi ganye a gindin randar gidansu. Ni har yau ina tuna laushin ganyen nan a yatsana. Kashi na biyu na irin ki ajiye don baɗi, domin karo na biyu hannu ya fi sanin abin da yake yi, amma kada ki wuce haka, ƙarfin irin yana raguwa da shekaru. Kashi na uku, in kina da 'yar uwa a Jos, wadda take sama da mita 1,200, ko a Gembu kan tudun Mambila da ya fi ta tsawo, ki aika mata da wannan bayani. Su ma ba su da watannin ƙanƙara, amma ba su da Afrilunmu, shukar za ta fi daɗewa a hannunsu.

Saƙo biyu kuma ki isar wa yaron daga gare ni. Na ɗaya, in ya sami hutu a Yuli ko Agusta ya bi abokansa su hau dutse ya ɗauko miki hotonsa a gidansa, gani ya kori ji. Amma kada ya tsinka. A ƙarni na 19 masu yawon buɗe ido sun yi ta tumɓuke shi suna kai tsaraba har ya yi ƙaranci a wurare da yawa, wasu ma garin miƙa hannu bakin dutse suka faɗo. Tun 1878 yankin Obwalden na Suwizalan ya hana tono shi, yau kuma doka tana kare shi a Ostiriya da maƙwabtanta, shi ya sa ya farfaɗo. Wanda ake sayarwa a shago na lambu ne, shi ba laifi. Na biyu, nan gaba in zai aiko da iri ko dashe, ya nemi izinin hukumar da ke killace tsirrai da dabbobi a bakin iyakokin Nijeriya. Ta cikin tsaraba irin wannan cutar shuka take ƙetare teku, mu kuma masu albasa da alkama a fadama mu ne za mu sha wahalar.

Tambaya: Malam, na gani a Facebook ana cewa akwai wani furen Turai, edelwais, da kamfanonin man shafawa suke saye da tsada, kuma wai yana maganin ciwon ciki. Wani ya ce zai turo mini iri in na biya. Ina da rabin eka a fadamar Wurno. In shiga?
*Wani matashi daga Runjin Sambo*

Amsa: Ɗana, riƙe kuɗinka. Abin da ka karanta akwai gaskiya a ciki. Mutanen Alps na da sukan dafa shi, wani lokaci da madara da zuma, su sha don ciwon ciki da zawo. Masu bincike a Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya sun ciro wani sinadari a jikinsa wanda yanzu ake sawa a man shafawa. A yankin Valais na Suwizalan ana nomansa a gonakin kan tudu, da wani iri da suka tace suka sa wa suna Helvetia. Amma ka lura da inda gonakin suke: kan tsauni, a ƙasar da ƙanƙara take rufewa duk shekara. Karanta amsar da na ba Hajiya a sama. Abin da sai da tukunya biyu da ruwan randa zai yi wata huɗu, ba shi za a baza a rabin eka ba. Baƙar ƙasar fadamar Wurno kuwa, mai riƙe ruwa, a mako guda za ta gama da shi.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙasar da kake da ita ta tafarnuwa da albasa ce, kuma 'yan kasuwa daga kudu har gida suke biyo su. In harkar man shafawa ce ta shiga ranka, kamfanonin nan da kake magana suna sayen man kaɗe daga Afirka ta Yamma, ga lalle, ga zogale. Batun magani kuma, in yaro yana zawo a gidanku a haɗa masa ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran wani fure.

Tambaya: Baba, ina da kariya a tukunya shekara uku. Ina ba ta ruwa kullum, ganye ya yi kyau, amma ba ta taɓa fure ba. Bana da damina gindinta ya fara laushi ta gefe ɗaya. Me zan yi?
*Wata ɗaliba daga Arkilla*

Amsa: 'Yata, ruwan ne ya yi mata yawa. Na ji daɗin zuwan wasiƙarki a wannan watan, domin kariya ita ce tamu da Turawa suke wahala a kanta kamar yadda Hajiya za ta wahala a kan tasu. *Adenium obesum* suke ce mata, a ɗakin gilashi mai ɗumi suke renonta, a ƙasar Tailan kuma an fitar da launuka iri-iri daga jikinta ana sayarwa duniya. Mu kuwa a dajinmu take, tana tsaye cikin duwatsu ba mai ba ta ko kofi ɗaya. Kumburarren gindin nan nata randarta ce. Da rani take zubar da ganye, sannan ta fito da jan furen nan mai fari a tsakiya a kan reshe tsirara, lokacin da komai ya bushe. Wadda ake shayarwa kullum a inuwa ganye za ta yi ta yi.

Yau ɗin nan ki ciro ta daga tukunyar ki kakkaɓe ƙasar. Ki sa wuƙa mai kaifi da kika goge da wuta, ki yanke duk inda ya yi laushi ko ya yi baƙi har ki kai farin nama mai tauri. Kada ki ji tausayi, in kika bar ɗigo ɗaya zai ci gaba. Ki sa leda a hannu kafin ki fara, ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, da shi maharba na da suke shafa wa kibiya. Kada ya shiga ido ko baki, ki kori yara da awaki daga wurin, yankakken kuma ki binne shi. Ki barbaɗa toka a kan ciwon, ki ajiye ta a inuwa mai iska kwana bakwai ba ƙasa ba ruwa, har wurin ya bushe ya yi ɓawo.

Sannan ki mayar da ita a tukunyar ƙasa mai manyan hudoji, cikin yashi biyu, tsakuwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Ki ɗaga gindin sama da yadda yake a da, wurin da kika yanke ya zama a waje yana shan iska. Ki jira wani makon kafin ruwan farko. Bayan ta kama ki fitar da ita tsakiyar rana, ba ta tsoron Afrilu. Ruwa sau ɗaya a mako da zafi, da hunturu sau ɗaya a mako biyu, in ta zubar da ganye ma kada ki damu. Da damina ki ja tukunyar ƙarƙashin rumfa inda ruwan indararo ba zai same ta ba, ki ɗora ta a kan bulo biyu.

Masu tambaya a kan tsutsar albasa da dashen mangwaro, wasiƙunku sun iso, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.